Yadda zaka zama mai bincike kan lafiyar jariri tun yana ciki

Dan uwa in wannan fannin kake so, fara da karatun likita shekara 6 a Jami'ar Danfodiyo, kayi hausmanshif (aikin koyo a asibiti bayan kammala karatun) da bautar kasa, sannan ka shiga horon kwarewa bangaren mata da haihuwa a asibitin koyarwa na jami'ar (UDUTH). Amma wallahi sikanin shine jarin ka, ka zauna ka iya shi sosai musamman na sati 11 zuwa 13 da ake auna ruwan bayan wuyan jariri, wanda Farfesa Nicolaides na Landan ya yada, da na sati 20 mai duba zuciya da kwakwalwa da kashin baya. Rika rubuta duk abinda ka gani da izinin masu ciki, ka samu malami ya duba maka, ka tura mujallar binciken likitanci. Ni shawarata ka kama bincike kan sikila, ita ke wahalar da mutanen mu anan Sakkwato.