Yadda Za A Koyar Da Tarihin Ilimin Naƙasassu A Aji

Kuskuren da aka fi yi wajen koyar da wannan tarihi shi ne a jera sunayen masu taimako da shekarun da suka buɗe makarantu, har ɗalibi ya tashi da tunanin cewa makafi da kurame zaune kawai suke suna jiran a yi musu alheri. Malamin da ke son kauce wa hakan ya riƙe tambaya guda tun daga farkon darasi, wato a kowane mataki wane ne ya yanke shawara, kuma ko an ji ta bakin waɗanda abin ya shafa.

Zai fi kyau ya fara da abin da hannu zai taɓa. Ya zo da takarda mai kauri da tsinke, ya nuna wa ɗalibai gidan rubutun makafi mai ɗigo shida, uku a dama uku a hagu, wanda daga cikinsa ake fitar da alamomi 63. Ya bar kowa ya danna harafi ɗaya da kansa, domin a nan ne za su gano cewa daga dama ake dannawa zuwa hagu, tunda sai an juya takardar ɗigon yake fitowa yatsa ya karanta. Sai bayan haka ya kawo labarin. Makarantar makafi da Valentin Haüy ya kafa a Paris a 1785 tana amfani ne da haruffan masu gani da aka buga su da tudu, littattafai manya masu nauyi, waɗanda ake karantawa da ƙyar kuma ɗalibi ba ya iya rubuta irinsu. Louis Braille, ɗalibin wannan makaranta wanda ya makance tun yana ƙarami, yana da shekara 15 a 1824 lokacin da ya rage ɗigo 12 na wani tsarin rubutun ɗigo da Charles Barbier ya ƙirƙira zuwa shida, yadda kan yatsa ɗaya zai rufe harafi gaba ɗaya. Makarantar ba ta amince da rubutun a hukumance ba sai a 1854, shekara biyu bayan rasuwarsa. A nan malami ya dakata, ya bar ɗalibai su yi ta muhawara kan dalilin wannan jinkiri.

Tarihin kurame ya fi buƙatar lokaci, domin a cikinsa ne ake ganin yadda ci gaba kan koma baya. Makarantar da de l'Épée ya buɗe a Paris wajen 1760 da maganar hannu take koyarwa, kuma daga cikinta Laurent Clerc ya fito, kurma malami, wanda ya haye zuwa Amurka ya kafa makarantar Hartford tare da Thomas Gallaudet a 1817. Amma a 1880 wani taron malaman kurame da aka yi a Milan ta Italiya, wanda kusan duk mahalartansa masu ji ne, ya yanke cewa a daina maganar hannu a koma koyar da furuci da karatun leɓe. Malamai kurame da yawa suka rasa aikinsu, aka riƙa hukunta yara saboda sun ɗaga hannu sun yi magana da junansu. Sai a 2010 a Vancouver taron ya janye wannan matsaya, shekara 130 ke nan. A ganina bai kamata a rufe wannan babi ba tare da ambaton Andrew Foster ba, kurma baƙar fata ɗan Amurka, wanda ya fara buɗe makarantun kurame a Ghana a 1957 kafin ya bazu zuwa wasu ƙasashen Afirka.

Ɓangaren dokoki kuwa kada a mayar da shi hadda. Ya isa a nuna yadda magana ta tashi daga taimako ta koma haƙƙi, kuma da gwagwarmaya aka samu. A 1977 naƙasassu sun mamaye wani ofishin gwamnati a San Francisco kusan mako huɗu har sai da aka sa hannu kan ƙa'idojin hana wariya, a 1990 kuma wasu suka sauka daga kekunansu suka hau matakalar majalisar dokokin Amurka da rarrafe. Daga nan sai sanarwar da aka fitar a birnin Salamanca na Sifaniya a 1994 a kan karatun naƙasassu tare da sauran yara a aji ɗaya, da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 2006 a kan haƙƙin naƙasassu, wadda sashe na 24 nata ya tanadi haƙƙin ilimi.

Akwai wasan da malamai kan yi na ɗaure wa ɗalibi ido a ce ya ɗanɗana makanta, kuma gara a bar shi, domin abin da yaro ke ji a minti biyar tsoro ne da tuntuɓe, alhali makaho ya daɗe da koyon sandarsa da hanyarsa. Idan akwai naƙasasshe a ajin, kada a mayar da shi abin nuni, sai in shi ya nemi yin magana. Abin da ya fi amfani shi ne a gayyato babba mai larurar ya ba da labarin karatunsa da kansa, tare da tafinta idan kurma ne. Aikin da za a ba ɗalibai kuma shi ne su zagaya makarantarsu da igiyar awo, su ƙidaya matakala, su auna faɗin ƙofofin aji da na banɗaki, sannan su rubuta ta inda mai keken guragu zai bi ya isa ɗakin karatu.