Kotu ta wanke ka bayan ka sha ɗauri? Ga ta inda za ka fara

Jama'a abin da yawancinmu ba mu gane ba shi ne, a Najeriya fitowa daga gidan yari daban, wanke suna daban. Mutum ya yi shekaru a gidan yarin Kurmawa na Kano kan laifin da bai ji ba bai gani ba, ranar da aka sake shi 'yan uwa suna ta murna ana Alhamdulillahi, shi kenan kowa ya watse, ba wanda ya koma kotu karɓo takarda.

To takardar nan ita ce farko. Ka je rajistirin kotun da ta soke hukuncin ka nemi kwafin hukunci mai hatimi, wanda lauyoyi ke ce wa CTC, ka biya ka karɓi rasit, ka yi fotokwafi da yawa, asalin kuma ka adana shi kamar takardar fili. Da ita za ka sa lauya ya rubuta wa 'yan sanda su gyara bayananka a rajistar masu laifi ta Alagbon a Legas, don kar ranar da ka je neman takardar shaidar ɗa'a saboda aiki ko biza tsohon zance ya taso.

Kuma don Allah a bambance afuwa da wankewa. Afuwar gwamna ta sashe na 212 ko ta shugaban ƙasa ta sashe na 175 na kundin tsarin mulkin Najeriya na 1999 yafiya ce, ba kotu ce ta ce ba ka yi ba. In har yanzu hukuncin na kanka ka ɗaukaka ƙara, kwana 90 ake bayarwa daga ranar da Babbar Kotu ta yanke hukuncin, in ya wuce lauya zai roƙi ƙarin lokaci.

Maganar diyya fa ba ta zuwa da kanta wallahi. Sashe na 35(6) na kundin 1999 ya ce wanda aka kama ko aka tsare ba bisa ƙa'ida ba yana da haƙƙin diyya da ban haƙuri a bainar jama'a, amma sai ka shigar da ƙara Babbar Kotu ka nuna inda aka taka doka, kamar kwanakin da ka yi a sel ba a kai ka gaban alƙali ba, shi ya sa ranar kamu, sunan ofishi, takardun asibiti duk ka tattara. In babu kuɗin lauya ka je Legal Aid Council, hukumar gwamnati mai ba marasa hali lauya kyauta, ko Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa. Kar ka yi sanya, wasu ƙararrakin da ake yi kan jami'an gwamnati wata 3 kacal doka ta bayar.