Kurakuran da ake yi game da HO-1 da kumburin jiki

Idan jajayen ƙwayoyin jini suka fashe, sinadarin hem da ke riƙe iskar oksijin yakan zube cikin jini. Muddin yana yawo a sake, guba ne: yana lahanta bangon jijiyoyi, ya tsokano garkuwar jiki, kumburi ya tashi. HO-1, wani inzayim (furotin mai saurin sarrafa sinadarai a jiki) da ke aiki sosai a saifa da hanta, shi ke farfasa hem gida uku: bilibadin, iskar kabon monoksaid da ƙarfe. Aikinsa ne ake gani idan wurin da aka buge ya koma kore, daga baya rawaya.

Ɗalibai da dama na ɗaukar ukun nan a matsayin shara kawai. Ba haka ba ne. Bilibadin kan rikiɗe ya zama bilirubin, mai kare ƙwayoyin jiki daga lalacewa, iskar kuma tana rage sinadaran da ke hura wutar kumburi. A 1999 likitoci a Japan suka ba da rahoton wani yaro da aka haifa ba shi da HO-1: jininsa na fashewa, kumburi ba ya lafawa.

Kuskuren da ya fi haɗari shi ne zaton yawansu alheri ne. Iskar da jiki ke yi 'yar kaɗan ce, a cikin ƙwayar da ke buƙatarta. Ta hayaƙin janareta ko gawayi tana kama jini fiye da oksijin sau 200 da ɗoriya, tana kisa cikin barci. A ajiye janareta a waje, nesa da taga. Haka bilirubin: idan ya taru a jikin jariri ya zama shawara, yana iya taɓa ƙwaƙwalwa. Ruwan gulukos ba ya maganinsa. A kai jaririn asibiti a auna, a sa shi ƙarƙashin fitilar shawara, musamman idan rawayar ta bayyana a ranar haihuwa.

Ga masu sikila, jini na fashewa kullum, har ya fi ƙarfin HO-1. Iyaye su ga ƙarancin jini sai su sayo maganin ƙarin ƙarfe, alhali ƙarfen da inzayim ya saki yana nan ajiye cikin feritin, furotin ɗin da ke adana ƙarfe a jiki, ga wanda ƙarin jini ke tarawa. Kada a sha sai an auna feritin. Kurkum ma, duk da yana tayar da HO-1 a ɗakin gwaji, ba ya maye gurbin haidroksiyuriya, maganin sikila da likita ya rubuta.