Yadda Ake Zaɓar Manhajar Rubutu da ta Bibiyar Aiki ga Ƙaramin Ofis a Abuja

Da yawa daga cikin ƙananan kamfanoni da ƙungiyoyi masu zaman kansu da ke Wuse 2 da Garki da Utako a guruf ɗin WhatsApp suke tafiyar da aikinsu, kuma hakan yana isarsu har zuwa ranar da wani rahoto zai wuce wa'adinsa, a zauna taro, kowa ya ce shi ya ɗauka wani ne zai rubuta. A irin wannan zama ne wani matashi cikin ma'aikata yakan kawo shawarar a koma Notion ko Trello. Sai a buɗe asusu, a yi mako biyu ana ɗoki, daga nan a koma gidan jiya. Na sha ganin haka, kuma kusan kullum ɓarakar tana fitowa ne daga wuri biyu: an zaɓi manhaja tun ba a san irin aikin da ake so ta ɗauka ba, sannan an bar gwajinta a hannun mutum ɗaya, wanda shi ne ya fi kowa iya kwamfuta a ofishin.

Mataki na farko ba ya buƙatar a sauke komai a waya. A ɗauko saƙonnin guruf na makonni biyu da suka wuce, har da na murya, a raba su gida biyu. Gida na farko shi ne abin da ake son a ajiye don a dawo a karanta, kamar bayanin taro, da daftarin wasiƙa, da ƙa'idar neman hutu, da jerin masu kawo kaya tare da farashinsu. Gida na biyu shi ne abin da ake jira wani ya aikata kafin wata rana, kamar kai takarda Sakatariyar Tarayya, ko biyan kuɗin zauren taro, ko tura rahoton wata uku ga mai ba da tallafi. OneNote da Google Docs da Evernote da Obsidian don gida na farko aka ƙera su, Trello da Asana da Jira da Planner kuwa don na biyu. Kowane ɓangare yana kwaikwayon ɗan'uwansa, shi ya sa za ka ga ɗan akwatin da ake sa wa alama a cikin Google Docs, ka kuma ga wurin rubuta doguwar takarda a cikin ClickUp. Kada wannan ya ruɗe ka. Manhajar rubutu ana auna ta da saurin da za ta nemo maka jimlar da aka rubuta wata takwas da suka wuce, ta bibiyar aiki kuma da yadda za ta nuna maka, da kallo ɗaya, wane ne ke riƙe da me, da ranar da wa'adinsa zai cika. Gidan da ya fi tara saƙonni shi za a fara nema wa manhaja, ɗayan ya jira.

Mataki na biyu shi ne tace manhajojin rubutu, kuma biyu daga cikinsu ana iya sallamarsu da wuri. Evernote ta daɗe tana jan ragamar wannan fage, amma bayan kamfanin Bending Spoons na Italiya ya saye ta, tun watan Disamban 2023 asusun kyauta bai wuce rubutu 50 da littafi ɗaya ba, wanda ba zai kai ofis mai yawan taro ko'ina ba. Obsidian tana ajiye rubutu a cikin kwamfutar mutum, ba ruwanta da intanet, kuma ta dace da lauya ko mai bincike da ke aiki shi kaɗai, sai dai haɗa mutane da yawa a kanta yana buƙatar biyan kuɗi ko dabarun da ma'aikacin da bai ƙware ba ba zai jure musu ba. OneNote, wadda Microsoft ta fitar tun 2003, kyauta ce, an tsara ta littafi-littafi da sashe-sashe, kana iya rubutu ko babu sabis, idan ya dawo ta tura da kanta. Ofishin da ya riga yana biyan Microsoft 365 ba shi da dalilin neman wata. Google Docs kuma ƙarfinta shi ne mutum biyar su yi gyara a takarda ɗaya a lokaci guda, a kuma iya komawa a ga wanda ya canza me. Rauninta shi ne watsewa, domin kowa yana buɗe takarda a asusunsa, kuma gigabayit 15 ɗin da Google ke bayarwa kyauta ana raba shi ne da Gmail da hotuna. Maganin haka folda ɗaya ce ta ofis, kowane sunan takarda kuma ya fara da shekara da wata da rana.

Notion ita ce matasa suka fi ƙauna, kuma ita ce na fi ganin ta kayar da mutane. Kamar fuloti take, wanda aka ba ka da bulo da siminti aka ce ka gina abin da ka ga dama: wanda ya iya zai fitar da gida mai kyau, wanda bai iya ba zai yi wata uku yana rushewa yana sakewa, aikin ofis kuma yana jiransa. Ga mutum ɗaya asusun kyauta yana da faɗi, amma da zarar an ƙara mamba na biyu sai a yi iyaka a gutsuren rubutu 1,000, kuma kowane sakin layi ko hoto gutsure ɗaya ne. Fayil ɗin da za a ɗora bai wuce megabayit 5 ba, alhali takardar da aka ɗauki hotonta da waya sau da yawa ta fi haka nauyi. Damar yin aiki ba tare da intanet ba kuwa sai a watan Agustan 2025 ta zo, kuma mai asusun kyauta sai ya zaɓi shafukan da yake so a ajiye masa tun yana da sabis.

A mataki na uku a juya ga manhajojin bibiyar aiki. Trello ta fito a 2011, kamfanin Atlassian ya saye ta a 2017, kuma an gina ta a kan tsarin katuna da masana'antar Toyota ta Japan ta shahara da shi: allo ne mai sahu-sahu, kowane aiki kati ne, ana jan sa daga sahu zuwa sahu har ya kai ƙarshe. Ana koya wa mutum ita a zama ɗaya, tana aiki a waya ko da sabis ya ɗauke, kuma asusun kyauta yana ɗaukar allo 10 da mutum 10. Asana, wadda Dustin Moskovitz, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa Facebook, ya assasa da Justin Rosenstein a 2008, ta fi dacewa da aikin da wani sashensa ke jiran wani, kamar shirya babban taro, inda ba za a buga katin gayyata ba sai an tabbatar da zaure. Tana da wata ƙa'ida da nake ganin ta fi duk sauran kayan adonta daraja: aiki ɗaya ba ya karɓar sunan mai ɗaukar nauyi fiye da ɗaya. Trello ta yarda a jera sunaye huɗu a kati guda, kuma katin da ke da sunaye huɗu babu mai taɓa shi, don haka duk wanda ya zaɓe ta ya ari wannan ƙa'ida ya ɗora mata. ClickUp tana son ta yi komai, yawan maɓallanta kuma yana firgita sabon shiga. Jira ta masu rubuta manhaja ce, ofishin da ba wannan ne aikinsa ba ya bar ta. Ga ofishin da bai kai mutum goma ba, Trello da folda ɗaya ta Google Docs sun isa, kuma ba na ganin dalilin wuce nan a shekarar farko.

Kafin a shiga gwaji a yi lissafin kuɗi, domin waɗannan kamfanoni da dala suke caji, kuma bisa kan kowane mutum a kowane wata. A ce dala 10 ce, ma'aikata kuma 12 ne, wato dala 1,440 a shekara. Lokacin da dala take kusan naira 460 a farashin gwamnati, kafin sakin naira a watan Yunin 2023, wannan bai kai naira 700,000 ba, amma a naira 1,500 ya haura miliyan biyu. A tambayi banki tun da wuri ko katin naira na ofis zai biya kuɗin waje da kuma iyakar da aka sa masa. A sa kuɗin data ma a lissafi, tunda hukumar kula da sadarwa ta ƙasa, NCC, ta amince da ƙarin kashi 50 cikin ɗari a kuɗin sadarwa a watan Janairun 2025, kuma ma'aikacin da ke saya da aljihunsa ba zai riƙa buɗe manhaja mai nauyi ba. Ƙungiyoyin da ba na neman riba ba, su nemi rangwame, Atlassian da Asana duka suna bayarwa, a dai tanadi takardar rajista ta CAC, hukumar rajistar kamfanoni da ƙungiyoyi.

Mataki na huɗu, gwaji, a nan ne ake faɗuwa. Wanda ya kawo shawarar yana da kwamfuta mai kyau da intanet ɗin ofis, komai zai buɗe masa cikin daƙiƙa, don haka hukuncinsa ba abin dogaro ba ne. A ba da gwajin ga ma'aikacin da wayarsa ta fi ta kowa tsufa, wanda ke tasowa daga Mararaba ko Nyanya yana duba saƙo a cikin gosulo, da jami'ar da ke fita aiki Kwali ko Abaji inda sabis yake zuwa yana ɗaukewa. Idan waɗannan biyun suka kasa jan kati ɗaya ba tare da an taimaka musu ba, an gama magana, a gwada wata. Kada kuma a kwashe duk ayyukan ofis a zuba a ranar farko. A zaɓi aiki ɗaya na gaske mai ranar ƙarewa, a ba shi kwana 30, a yi masa sahu huɗu kacal: wanda ba a fara ba, wanda ake kai, wanda ke jiran sa hannu, da wanda aka gama.

Sahu na uku yana da dalili. A ofisoshinmu ƙaramin ma'aikaci ba zai ɗauki sunan shugaba ya manna a kati ya sa masa wa'adi ba, kunya da girmamawa ba za su bar shi ba, alhali takardu da yawa a teburin shugaban suke kwana. Sahun jiran sa hannu yana faɗar abin da bakin yaro ba zai faɗa ba, ba tare da an ambaci kowa ba, kuma shugaba mai lura idan ya ga katuna shida sun taru a wurin ya san inda aka tsaya.

Shugaban shi ne kuma ramin da ya fi zurfi. Muddin yana ba da umarni ta saƙon murya da ƙarfe goma na dare, ma'aikata WhatsApp za su riƙa tsaro, allon kuwa sai ranar da aka tuna. Hana WhatsApp ba zai yiwu ba, kuma duk inda na ga an gwada hanawa dokar ba ta yi ƙarko ba. Abin da ke aiki shi ne a naɗa mutum ɗaya, galibi sakatare ko jami'in mulki, wanda duk umarnin da ya faɗo a guruf zai mai da shi kati kafin a tashi aiki washegari, ya kuma amsa a guruf ɗin da cewa, "Ranka ya daɗe, an sa a allo da sunan Malam wane, wa'adi ranar Alhamis." Wannan amsa tana ba shugaba damar gyara suna ko rana nan take, tana kuma koya wa kowa cewa aikin da bai hau allo ba bai zama aiki ba tukuna. Taron Litinin ma daga allon za a karanta shi, sahu bayan sahu, maimakon a zagaya kowa ya faɗi abin da yake yi. Bayanin taron ya tafi foldar rubutu, duk shawarar da aka yanke kuma a fitar mata da kati mai suna da rana kafin a watse, a liƙa adireshin takardar a jikin katin. A kunna wa kowa sanarwar waya a zaman farko, domin manhajojin nan ta imel suka fi tunatarwa, ma'aikata da yawa kuma sai su yi kwanaki ba su buɗe imel ba.

Idan kwana 30 suka cika, a duba tarihin allon a ga su wa suka motsa katuna. In duk motsin na wanda ya kawo shawarar ne, gwajin bai yi ba, ko da allon ya yi kyau a ido. In mafi yawan ma'aikata sun taɓa nasu da kansu, a ƙara aiki na biyu, kuma kada a biya kuɗin shekara sai an ci karo da iyakar asusun kyauta.

Sauran matakan gajeru ne. Kada a rubuta lambar NIN ko BVN ta ma'aikata ko ta masu cin gajiyar shiri a jikin kati, domin dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta ɗora wa ofis alhakin tsare su. A riƙa fitar da kwafin allo da na folda duk bayan wata uku a ajiye a wani wuri daban. Asusun kuma da imel ɗin ofis za a buɗe shi, a sa mutum biyu masu iko a kansa, tunda sau da yawa ɗan bautar ƙasa ne ke buɗewa da nasa, shekararsa ta cika ya koma garinsu da kalmar sirrin. Duk wanda ya bar aiki a cire sunansa a ranar da ya miƙa makulli, katunansa kuma a raba wa waɗanda suka rage kafin taron Litinin mai zuwa.