Yadda Ake Fitar da Maƙala a Mujallar Ilimi Ba Tare da An Zubar da Mutunci Ba

Duk malamin da ke koyarwa a Jami'ar Abubakar Tafawa Balewa (ATBU) ta Bauchi, ko Jami'ar Jihar Gombe, ko ta Tarayya da ke Kashere, ya san ƙarin girma ba ya samuwa sai da maƙalu. Da zarar lokacin tantancewa ya ƙarato sai gaggawa ta shigo, kuma a cikinta ake tafka kurakuran da ke bin mutum shekara da shekaru. Maƙalar da ta fito tana nan a intanet da sunanka a kai, kowa na iya ɗauko ta ya bi diddigi ko bayan shekara 20. Saboda haka akasarin aikin tsare mutunci ana yin sa ne tun kafin rubutu ya isa hannun edita.

Abu na farko shi ne izini. In bincikenka ya shafi mutane, ko jininsu, ko fayil ɗinsu na asibiti, ko ma amsar tambayoyi kawai, kai shi gaban kwamitin ɗa'ar bincike kafin ka raba takarda ko ɗaya. Asibitin Koyarwa na ATBU da Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Gombe suna da irin wannan kwamiti. Za ka miƙa tsarin binciken, da tambayoyin, da takardar neman yarda da Turanci da Hausa, har da Fulatanci ko Tangale in da su mutanen wurin ke magana. Lambar amincewa da ranar da aka ba da ita za su shiga cikin maƙalar, a sashen hanyoyin bincike. Inda ake yawan faɗawa rami shi ne a gama tattara bayanai sannan a je neman takardar. Kwamitin kirki ba ya mayar da kwanan wata baya, kuma edita mai lura zai gwama ranar izini da ranar da ka ce ka shiga fili.

Izinin hakimi ko mai unguwa ƙofar shiga gari ce, ba ta maye gurbin yardar mutum shi kansa. Haka izinin maigida bai wadatar ba sai matar ta amsa da bakinta. Wanda bai iya karatun boko ba a karanta masa da harshensa, ya dangwala yatsa a gaban shaidan da ba ya cikin masu binciken. Yaro kuwa sai da yardar iyayensa, a kuma tambaye shi in ya yi wayo. Mu a Arewa mun san tsadar sakaci a nan: gwajin maganin Trovan da kamfanin Pfizer ya yi wa yara kusan 200 a Kano lokacin annobar sanƙarau ta 1996 ya jawo shari'a ta shekaru, a kan ko iyaye sun san gwaji ake yi da 'ya'yansu. Kundin ɗa'ar binciken lafiya na ƙasa ya fito ne a 2007.

Sai bayanai. Ka ɗauki hoton kowace takardar tambayoyi da ta dawo, ka ajiye kwafi biyu a wurare dabam, domin kwamfuta na mutuwa, gara kuma na cin takarda. Fayil ɗin asali kada a taɓa shi. A yi aiki a kan kwafi, duk abin da aka cire ko aka gyara a rubuta dalili da rana. Sunayen mutane a raba su da amsoshinsu, a ba kowa lamba. A riƙe komai shekara 5 zuwa 10, gwargwadon sharaɗin jami'a ko mai tallafi. In ka tura ɗalibai fili, zaɓi takarda ɗaya cikin kowace goma ka tuntuɓi mai amsar ka tabbatar an je wurinsa, don akan sami wanda zai zauna a inuwa ya cike su duka da hannunsa.

In ka raba takardu 400 aka dawo da 310, rubuta 310. Cike gibin da hannu ƙirƙira ce, kuma alƙaluma kan tona asirin mai su. Misali, mutum 20 da suka amsa tambaya mai maki 1 zuwa 5, matsakaicin makinsu dole ya ƙare da lambar da ke rabuwa da 0.05, zai iya zama 3.45 ko 3.50, amma 3.47 ba zai yiwu ba. Mai bita da ya san lissafi zai gano wannan cikin minti biyu. Haka nan in gwajin alƙalumanka ya ba da ƙimar p ta 0.07, kada ka yi ta zare mutane ɗaya-ɗaya har ta sauko ƙasa da 0.05, iyakar da aka saba ɗauka a matsayin shaidar bambanci. Sakamakon da bai nuna bambanci ba shi ma ilimi ne, akwai mujallun da ke buga shi.

Maganar sunaye ita ce mafi wuya a sassanmu, domin tana haɗuwa da kunya da girmama na gaba. Ƙa'idar da ta fi karɓuwa ita ce ta kwamitin editocin mujallun likitanci na duniya, ICMJE, kuma sharuɗɗa huɗu ne da dole su haɗu: mutum ya sa hannu sosai wajen tsara binciken ko tattara bayanai ko nazarinsu, ya rubuta ko ya yi gyara mai ma'ana, ya amince da rubutun ƙarshe, ya kuma yarda zai amsa tambaya in matsala ta taso. Wanda ya biya kuɗin bugawa, da wanda ya ara maka ɗakin gwaji, da shugaban sashe don shugabancinsa kawai, wurinsu sashen godiya ne. "Sa sunana, ni ma in sa naka" yana cutar da duka biyun, domin ranar da aka janye maƙalar kowane suna da ke kanta zai shafa, har na wanda bai taɓa karanta ta ba.

Maganin rigimar shi ne a zauna tun ranar farko, a rubuta wa zai yi me da yadda sunaye za su jeru, kowa ya samu kwafi ta imel. In babba ya nema daga baya, akwai amsa ta ladabi: "Ranka ya daɗe, mujallar na neman a fayyace aikin kowa. In Malam zai duba nazarin alƙaluman ya gyara mana tattaunawar, sai sunan ya shiga bisa ƙa'ida." Maƙalar da aka ciro daga kundin digirin ɗalibi kuwa, sunan ɗalibin ne a gaba. Manhajojin ƙirƙirarriyar basira irin ChatGPT ba sa shiga jerin marubuta, kamar yadda COPE, ƙungiyar ɗa'ar wallafa da aka kafa a Ingila a 1997, ta bayyana a 2023. In ka yi amfani da su ka faɗa, ka kuma buɗe kowane madogara da suka ba ka, domin suna ƙago littattafai da maƙalun da babu su.

Kada kason da Turnitin, manhajar da ke auna kamannin rubutunka da na wasu, ya nuna ya ruɗe ka. Kashi 25 na iya zama jerin madogara da sunayen hukumomi, kashi 9 kuma na iya zama sakin layi biyu da aka kwafo sukutum. Buɗe rahoton ka duba inda launin ya taru. Fassara aikin wani daga Turanci ko Larabci zuwa Hausa ba tare da ambatonsa ba satar fasaha ce, ko da na'ura ba ta kama ba. Yanka bincike ɗaya gida huɗu don adadi ya ƙaru shi ma masu tantancewa na waje suna gane shi daga teburin farko.

Yanzu zaɓen mujalla. A 2013 ɗan jarida John Bohannon ya tura maƙalar bogi mai kurakurai a fili ga mujallu 304, 157 suka karɓa. Irin waɗannan ne ke cika akwatin imel da yabo da alkawarin bugawa cikin kwana uku. Bita ta gaskiya takan ɗauki makonni, sau da yawa watanni. Kada ka yarda da tambarin da mujalla ta manna a shafinta. Je shafin Scopus ko DOAJ ko AJOL, wato rumbunan da ke jera mujallun da suka tantance, da kanka ka nemi sunanta. Lambar ISSN mai alƙaluma 8 da ake ba kowace mujalla shaidar rajista ce kawai, ba ta inganci ba. Ɗauki lambar DOI ta wata tsohuwar maƙalarsu, wato lambar gano maƙala a intanet wadda ke farawa da 10, ka sa a doi.org ka ga ko za ta buɗe. Duba mutum biyu daga cikin editocin a shafin jami'arsu, ko sun ambaci mujallar. Akwai kuma masu kwaikwayon shafin mujalla ta gaskiya da adireshi mai kama da nata, don haka ta cikin Scopus ko DOAJ za ka bi zuwa shafin. In aka ce ka tura kuɗi asusun wani mutum kafin a yi bita, tsaya nan.

Mujalla ɗaya ake tura wa a lokaci ɗaya. In wata uku ya wuce shiru, rubuta wa edita ka tambaya. In za ka janye, yi a rubuce, ka jira amsa kafin ka kai wani wuri. Ambaci wanda ya ba da kuɗin binciken, asusun tallafa wa manyan makarantu na TETFund ne ko kamfani, da lambar tallafin. Masu riƙe da mujallun tsangaya su ma da nasu nauyin: masu bita biyu ga kowace maƙala, a cire sunan marubuci kafin a tura, kuma maƙalar edita ko ta ɗalibinsa wani editan ne zai kula da ita.

In ka gano kuskure bayan an buga, kai za ka fara sanar da edita, bayan ka shaida wa abokan rubutunka. A wasiƙar ka kawo taken maƙalar da DOI, da teburin ko shafin da abin yake, da adadin da ya fito da wanda ya kamata, da ko ya canza sakamakon. In bai canza ba, za a buga gyara a haɗa shi da maƙalar. In ya rushe sakamakon, janyewa ce, kuma sanarwar kan nuna cewa marubutan ne suka kawo maganar da kansu. Daga nan sai ka cire ta daga takardun neman ƙarin girma, ka sanar da kwamitin tantancewa a rubuce in har ka riga ka miƙa.