Yadda za ka samo kayan gyaran tsohon injin huda ko na gurza ƙarfe

Ana yawan tambayata kan tsofaffin injina irin su Black & Decker ƙirar Amurka da Ingila, tunda kayansu sun yi wuya.

1. Zare filogi daga wuta.
2. Kwafi lambar samfurin da ke jikin injin.
3. Ɗauki hoton cikinsa kafin ka ciro komai.
4. Ciro abin da ya lalace, galibi kabon ne (ɗan gawayin da ke kai wuta ga motar injin) ko boris.
5. Karanta lambar boris ɗin, misali 608. In lambar ɗaya ce, girmansa ɗaya ne a kowane kamfani.
6. Tafi da tsohon kasuwa, a gwada a gabanka.

Hattara: na Amurka wutarsa volt 120 ce, tamu 230. Ka sa kayan wutar na Amurka a na 230, ya ƙone.

7. In abin ya faskara, sayi mataccen irinsa wurin 'yan gwangwan ka cire.