Yadda ake fara busa kakakin Bature ba tare da leɓe ya fashe ba

Nat Gonella na cikin Turawan farko da suka yi suna wajen busa kakakin Bature a kiɗan jaz. An haife shi a Landan a 1908, kuma a badujalar makarantar yara marasa galihu ya koyi busa, kafin ya ɗauki salon Louis Armstrong, shahararren mabushi ɗan Amurka, wanda ya je Landan a 1932. Shi kansa Armstrong ya sha fama da fashewar leɓe saboda danna bakin kakaki da ƙarfi. To balle yaron da ke koyo a wani ƙauye na Ringim ko Kazaure, ga hunturu ga ƙura.

Ka fara da bakin busa kaɗai, wato ɗan ƙarfen da ake cirewa wanda ake ɗora leɓe a kai, ka ajiye kakakin. Haɗa leɓɓanka kamar za ka ce "mm", ka ɗan ƙarfafa gefen baki, ka hura har leɓɓan su yi ƙugi kamar ƙudan zuma. Wannan ƙugin shi ne sautin, ƙarfe ƙara shi kawai yake yi. Kada ka kumbura kumatu irin na mai algaita, a nan iska daga ciki take tasowa. Idan ka cire bakin busa ka ga shatin zobensa ya kwanta ja wur a leɓenka, kana dannawa fiye da kima, galibi don neman sauti na sama da lokacinsa bai yi ba. Minti goma zuwa sha biyar ya isa a makonnin farko, kuma ka huta gwargwadon yadda ka busa. Da hunturu ka shafa man kaɗanya da dare, ka goge shi kafin busa, don leɓe mai santsi ba ya riƙe bakin busa.

Fistin, wato maɓallan da ake dannawa da yatsu don sauya sauti, uku ne. Na biyu yana sauke sauti da rabin mataki, na ɗaya da mataki guda, na uku da ɗaya da rabi. A jerin sautin do-re-mi, do ba a danna komai, re ɗaya da uku, mi ɗaya da biyu, fa ɗaya, so kuma a saki duka.

Ƙura ce babbar matsala. Idan fistin ya fara jinkirin dawowa, zaro shi, goge da tsumma mai laushi, ɗiga mansa na musamman ɗigo biyu ko uku. Man gyaɗa da baƙin mai daskarewa suke yi su kama ƙura. Kowane fistin da lambarsa a jiki. In ka musanya su, ko ka mayar ba ka juya shi ya ce "ƙas" ba, iska za ta toshe. Bututun da ake ja don daidaita sauti kuwa, ɗan basilin ya wadatar.

Kurkure baki kafin busa, musamman mai cin goro, don tukar tana taruwa a bututun farko, wanda ake sa bakin busa a ciki. Wata-wata a wanke da ruwa mai ɗumi da sabulu kaɗan, ban da tafasasshe, yana ɓare fentin. A cire fistin tukuna, kada ƙyallen da ke samansu ya jiƙe.

Bakin busa kuma murza shi ake yi a hankali, ba a buga shi da tafin hannu. In ya maƙale kada ka sa filaya, bututun ne zai murɗe. Kai wa mai gyara da ke da abin zaro shi.